Maryam ko Mariya: suna ɗaya ne ko biyu, kuma wanne za a raɗa wa jaririya?

Maryam da Mariya suna ɗaya ne da baki ya lanƙwasa, ko kuwa sunaye biyu ne kowane da mai shi? In biyu ne, akwai wanda ya fi ɗan'uwansa dacewa da 'yar Musulmi? Tambayar ta saba tasowa a cikin kwana bakwai ɗin nan na tsakanin haihuwa da suna, lokacin da angon ƙarni ke safa da marwa tsakanin kasuwar raguna da ɗakin mahaifiyarsa, kowa na jefa masa tasa shawarar.

Sunayen biyu sun taɓa haɗuwa a kanun labarai a watan Agustan 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya janye sunan Maryam Shetty daga cikin waɗanda ya aika wa Majalisar Dattawa don a naɗa su ministoci, ya maye gurbinta da Dakta Mariya Mahmoud Bunkure, wadda ta zama ƙaramar ministar Babban Birnin Tarayya. Dukansu daga Kano. Wanda ya saurari labarin a rediyo da rabin kunne zai iya rantsuwa cewa ba a canza komai ba.

Mu a gidanmu ba sai an je Abuja ba. Ranar sunan 'yar ƙanena, bayan an idar da sallar asuba an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, goro da dabino na zagayawa, ƙanen nawa ya duƙa ya raɗa wa liman sunan a kunne. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Maroƙi ya ɗaga murya, rago na kuka, wani yaro ya kwasa a guje ya faɗa cikin gida yana cewa, "Maryam ce! Maryam ce!" Goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda shi ne sunanta na yanka ko da yake ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba, ta rangaɗa guɗa, ta ce turmin atamfa na takwara yana wuyanta. Sai da hantsi ya dubi ludayi aka samu mai ƙarfin halin gaya mata cewa Mariya aka sa.

"To ai duk ɗaya ne," in ji Goggo, "ɗan juma ne da ɗan jummai."

A zaure kuma wani matashi da ke koyarwa a Islamiyyar unguwa ya ja ƙanena gefe. "Malam, da ka yi shawara. Mariya ai sunan Kiristoci ne."

Da Goggo da matashin duk sun kauce, kowa ta nasa gefen. Waɗannan kurakurai biyu su ne ke yawo a bakin mutane.

Inda kunne ke yaudarar mutum

A rubutun boko bambancin bai taka kara ya karya ba, amma duk wanda ya yi karatun allo zai gan shi ɓaro-ɓaro in aka rubuta da baƙaƙen Larabci. Maryam baƙi huɗu ne: mim, ra, ya, mim. Mariya kuwa biyar: mim, alif, ra, ya, sai ta kuri a ƙarshe. Alif ɗin nan shi ke sa a ja gaɓar farko, a ce Maa-ri-ya, gaɓa uku. Maryam gaɓa biyu ce, ba ja, kuma leɓe a rufe ake ƙare ta.

Bahaushe ba ya son ƙare suna leɓe a rufe. Da ya karɓi sunayen Larabci daga bakin malamai, sai ya karɓe su da wasalin ƙarshe yadda ake karanta su a littafi: Zainab ta zama Zainabu, Maryam ta zama Maryamu. Masu ta kuri kuwa suka fito da "tu": A'ishatu, Hafsatu, Aminatu, Mariyatu. Shi ya sa ba za ka taɓa jin Maryamatu ba. Daga Maryamu ne harshe ya juya baƙaƙen tsakiya aka samu Mairamu, aka gutsure aka samu Mairo. Wasu su ce Maryama ko Mairama. A Nijar, inda ake rubuta suna da ƙa'idar Faransanci, Mariama ake sa wa a takarda, kuma Maryam ake nufi, duk da cewa in ka cire gaɓar ƙarshe Maria ce za ta rage.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa ita ce a nemi mim na biyu. In yana nan, a kowace siga, Maryam ce. In babu shi, Mariya ce.

Maryam, wadda kowa ya sani

Ba sai an tsawaita a nan ba. Nana Maryam 'yar Imrana, mahaifiyar Annabi Isa (AS), ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya ambata da sunanta, har sau 34, kuma sura ta 19 sunanta take ɗauke da shi. A aya ta 42 ta Suratu Ali Imrana mala'iku sun gaya mata cewa Allah Ya zaɓe ta, Ya tsarkake ta, Ya fifita ta a kan matan talikai. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an ambace ta tare da Asiya matar Fir'auna a matsayin matan da suka kai kamala.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa raɗin sunanta ma yana cikin Alƙur'ani. A aya ta 36 ta wannan sura, matar Imrana ta haihu, ta ga mace ce alhali ta yi bakancen abin da ke cikinta ga hidimar ɗakin Allah, sai ta ce ta sa mata suna Maryam, ta nema mata tsari ita da zuriyarta daga shaiɗan. Uwa ce ta raɗa sunan, kuma a lokacin haihuwa. Ibn Kasir ya kafa hujja da wannan aya cewa ya halatta a sa wa jariri suna tun ranar da aka haife shi, ba lallai sai ranar bakwai ba.

Mariya, wadda aka fi mantawa

A nan ne ya kamata a zauna, domin jahiltar wannan baiwar Allah ce ta haifi maganar matashin nan na zaure.

Bayan sulhun Hudaibiyya, Manzon Allah (SAW) ya aika wasiƙu ga sarakunan da ke kewaye yana kiran su zuwa Musulunci. Wanda ya kai ta Masar shi ne Haɗib ɗan Abu Balta'a, ya miƙa ta ga Muƙauƙis, shugaban Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, a Iskandariyya. Muƙauƙis bai musulunta ba, amma ya karɓi ɗan aike da mutunci, ya mayar da amsa tare da kyaututtuka. Cikin abin da ya aiko akwai alfadarar nan da aka sani da Duldul, akwai kuma 'yan mata biyu 'yan uwan juna, Mariya da Sirin. Sun iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira, kuma malaman tarihi sun ce Haɗib ya kira su zuwa Musulunci suka karɓa. Sirin ta je gidan mawaƙin Annabi, Hassanu ɗan Sabit, ta haifa masa Abdurrahman. Mariya ta zauna ƙarƙashin Manzon Allah, ya ajiye ta a wani lambu a unguwar Aliya, wurin da daga baya aka riƙa kira da alkunyarta, Ummu Ibrahim.

A watan Zulhajji na shekara ta 8 ta haifi Ibrahim. In aka cire Nana Khadija, babu macen da ta haifa wa Annabi (SAW) ɗa ko 'ya sai Mariya. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Annabi ya ce an haifa masa ɗa a daren nan, ya sa masa sunan babansa Ibrahim. Wannan ita ce hujja ta biyu da malamai ke kawowa a kan sa suna ranar haihuwa. Abin sha'awa ne cewa manyan hujjojin nan biyu ɗaya ta zo ta kan Maryam, ɗaya ta kan ɗan Mariya.

Yaron bai yi tsawon rai ba. Ya rasu a shekara ta 10 bai cika shekara biyu ba, Annabi ya rungume shi idanunsa na zubar da hawaye. A ranar aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda mutuwar Ibrahim ne, Annabi ya tashi ya gyara musu: rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Duk ɗalibin da ya karanta babin sallar kisfewar rana ya bi ta kan wannan hadisi, sai dai ba kowa ke tsayawa ya tambayi wace ce uwar yaron ba.

Malamai sun yi saɓani kan matsayinta. Mafi yawan magabatan malaman sira sun lissafa ta a matsayin sa-ɗaka wadda haihuwar Ibrahim ta ɗaukaka, wasu marubuta kuma suna sa ta cikin jerin matan Annabi. Ba a yi saɓani ba kan girman da sahabbai suka ba ta. Abubakar ya ci gaba da ɗaukar nauyinta, Umar ma haka, kuma da ta rasu a shekara ta 16 Umar da kansa ya tara mutane, ya sallace ta, aka binne ta a Baƙi'a. Akwai ma hadisi a Muslim inda Annabi ya yi wa sahabbai wasiyya da kyautata wa mutanen Masar in sun buɗe ta, saboda suna da alkawari da zumunta, a wata ruwayar da surukuta. Masu sharhi suka ce zumuntar ta Hajara ce mahaifiyar Annabi Isma'ila, surukutar kuwa ta Mariya.

Ga kuma abin da ya kashe bakin zancen. Annabi (SAW) ya kasance yana canza sunan da bai yi masa ba. Juwairiyya 'yar Haris, Barra ne sunanta kafin ya sauya shi. Zainab 'yar Jahsh ma haka. Mariya ta shigo gidansa da sunan da iyayenta Kiristoci suka raɗa mata a Masar, ta zauna da shi har ya bar duniya, bai taɓa shi ba. Wanda ya ce sunan bai dace da Musulma ba, sai ya faɗi abin da ya gani wanda Annabi bai gani ba.

Saiwa ɗaya, reshe biyu

To ina gaskiyar Goggo? Tana da rabinta. In aka bi sunayen biyu zuwa tushe, wuri ɗaya suke komawa.

Asalin sunan na Bani Isra'ila ne. A Ibrananci Miryam ake cewa, kuma a cikin Attaura shi ne sunan 'yar'uwar Annabi Musa da Annabi Haruna. A harshen Aramiya, wanda ake yi a Falasɗinu zamanin Annabi Isa, ya zama Maryam, kuma da wannan siga ya zo a Larabci. Da aka rubuta Linjila da harshen Girka, sai sunan ya fito da fuska biyu, wani wuri Mariam, wani wuri Maria, saboda sunayen mata a wannan harshe sun saba ƙarewa da wasali. Daga Maria ne Latin ya ɗauka, Faransawa suka samu Marie, Ingilishi suka samu Mary. Masar kuwa ta shafe ƙarnoni harshen Girka na da ƙarfi a coci da fada, don haka ba abin mamaki ba ne a samu Baƙibɗiya mai suna Mariya. Larabawa ma sun san sunan tun kafin Musulunci, har suna buga misali da 'yan kunnen wata Mariya ta gidan sarautar Gassan idan suna son su ce abu ya yi tsada.

Wani abin da zai ba matashin zauren nan mamaki: Kiristocin da Hausa ce harshensu ba Mariya suke kiran mahaifiyar Annabi Isa ba. A Littafi Mai Tsarki na Hausa Maryamu aka rubuta. Kiristocin Larabawa ma Maryam suke cewa. Da a ce amfani da suna a coci shi ke fitar da shi daga hannun Musulmi, da Maryamu ce za ta fara fita, ta bi bayan Ibrahim da Musa da Yusufu da Dauda.

Saboda haka a wajen masanin harshe suna ɗaya ne da ya bi hanya biyu. A wajen Bahaushe mai raɗin suna kuwa biyu ne, domin shi ba tushen kalma yake bi ba, mutum yake bi. Mai sa Maryam uwar Annabi Isa yake nufi, mai sa Mariya uwar Ibrahim yake nufi. Tsakanin matan biyu akwai shekaru wajen ɗari shida. Kama da wane ba ta wane.

Batun ma'ana, da inda kamanni ke da haɗari

Yanzu da zarar an yi haihuwa sai a ɗauki waya a tambayi intanet ma'anar suna. Shafukan sunayen jarirai kuwa ba sa cewa ba su sani ba. Kowane suna sai sun samo masa fure ko tauraro ko gimbiya.

Game da Maryam, malaman tafsiri irin su Zamakhshari sun ce a harshen mutanenta yana nufin mai bauta, abin da ya yi daidai da bakancen mahaifiyarta. Masana harsunan da na zamani ba su haɗu a kan magana ɗaya ba: wasu na danganta shi da kalmar tsohuwar Masar mai nufin abin ƙauna, wasu da kalmar Ibrananci mai nufin ɗaci. Wannan bai rage wa sunan komai ba. Lokacin da Kiristocin Najran suka tambayi Mugira ɗan Shu'uba yadda Alƙur'ani zai kira Maryam 'yar'uwar Haruna alhali ƙarnoni ne tsakaninta da zamanin Musa, ya dawo ya tambayi Annabi, sai ya ce masa ai mutanen suna sa sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Abin da muke kira takwara ke nan. Darajar irin wannan suna daga mai shi take zuwa, ba daga ƙamus ba.

Amma kada a ɗauka duk sunaye masu kama da juna haka suke lafiya lau. Akwai inda baƙi ɗaya ke juya ma'ana gaba ɗaya. Asiya matar Fir'auna da alif da sin ake rubuta ta. Akwai wata Asiya da ain da sad, ma'anarta mai saɓo. Muslim ya ruwaito cewa wata 'yar Umar tana da wannan suna na biyu, Annabi ya mayar da ita Jamila. A bakin Bahaushe duka biyun Asiya suke fita, tun da ba mu da ain ba mu da sad. Babu laifi a kan wanda ya sa yana nufin matar Fir'auna, amma ranar da za a rubuta sunan da Larabci a shahadar Islamiyya, gara a tsaya a kan mai rubutun. Haka Amina: mahaifiyar Annabi alif ɗinta na farko ake ja, ma'anarta wadda ke cikin aminci. In aka ja tsakiya kuwa an koma amintacciya, macen Aminu. Duka biyun masu kyau ne, sai dai ba ɗaya ba ne, kuma yawancin Aminoninmu ba a taɓa gaya musu wacce ce tasu ba.

Maryam da Mariya ba sa cikin wannan rukuni. Ko ta ina aka juya su ba a faɗa rami.

A gidan Shehu

Wanda ke ganin Mariya baƙon suna ne da zamani ya kawo, ya leƙa gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A cikin iyalinsa akwai Mariya, kuma ita ce ta haifi Isa, autan Shehu da aka haifa a 1817, shekarar da Shehu ya rasu, wanda ya mayar da wasu waƙoƙin yayarsa Nana Asma'u zuwa Hausa. Ita ce kuma ta haifi 'yar Shehu mai suna Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta koma Sakkwato bayan rasuwarsa, ta kuma ci gaba da jagorancin 'Yan Taru, tsarin karantar da matan karkara, bayan Nana Asma'u ta rasu a 1864.

Uwa Mariya, 'ya Maryam, a gidan da ya fi kowane gida a ƙasar nan sanin Larabci a zamaninsa. Da suna ɗaya ne a wurinsu, da wuya a raɗa wa 'ya sunan uwar da ta haife ta.

Abin da ya faru kawai shi ne Maryam ta yi wa 'yar'uwarta nisa wajen yawa. Daga 1985 zuwa 1998, in ka cire 'yan watannin gwamnatin riƙon ƙwarya ta 1993, uwargidan shugaban Najeriya Maryam ce: ta Babangida, sannan ta Abacha. Yau ka shiga ajin Islamiyya ka kira Maryam, ka ƙirga kawunan da za su juyo. Mariya kuwa ta fi yawa a tsakanin iyaye da kakanni, irin su Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata, mahaifiyar Aliko Ɗangote. Ƙarancinta a tsakanin yara ne ya sa kunnen wasu matasa ke jin ta kamar baƙuwa.

Wa ke zaɓe, kuma don wa?

A fiƙihu, in uwa da uba suka saɓa, maganar uba ake bi, domin da sunansa za a kira yarinyar. Ibnul Ƙayyim ya faɗi haka a fili. Amma hakki daban, kyautatawa daban. Matar da ta ɗauki ciki wata tara, ga ta nan tana wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, ba ta cancanci ta ji sunan 'yarta daga bakin yaron da ya rugo daga ƙofar gida ba.

A al'adance ma uban ba shi kaɗai ke yanka ba. 'Yar fari galibi ta dangin miji ce, sunan mahaifiyarsa ake mayarwa, ta biyu a waiwayi ɓangaren uwa. Daga nan sai alkunya ta shigo. Surukar da aka yi wa takwara, matar ɗanta ba za ta iya buɗe baki ta kira sunan ba, shi ma ɗan haka. Sai yarinya ta tashi a Ummi, ko Mami, ko Walida, ko Hajiya, sunan yanka ya koma na takarda da ranar ɗaurin aure.

A nan ne wasu ma'aurata ke ganin sun yi dabara. Sunan Hajiya Maryam, su kuma suna son sunan da za su iya kira, sai su sa Mariya, wai an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A abin da na gani, ba tsuntsu ba tarko ake tashi. Hajiya ta san ba sunanta ba ne, ko ta yi shiru ta ƙudurce a ranta. Matar ɗan kuma ba ta tsira ba, domin alkunyar Bahaushiya har kalmar da ta yi kama da sunan take kauce wa. Ranar da ta ƙwala kiran "Mariya!" a tsakar gida surukarta na zaune a kan tabarma, za ta ji nauyin bakinta. In takwara ake so a yi ta cikakkiya, in ba ita ake so ba a je a gaya wa tsohuwa da ladabi tun kafin ranar suna.

Sai masu sa wa 'ya'ya biyu sunayen, ya Maryam ƙanwa Mariya, ko ma tagwaye, a maimakon Hassana da Usaina da aka gada. Shari'a ba ta hana ba. Amma a tuna cewa sunan uba ɗaya za su ɗauka, harafin farko ɗaya, in tagwaye ne har ranar haihuwa ɗaya. Katin asibiti zai rikice, sakamakon jarrabawa zai rikice, kuma duk kiran da aka yi daga ɗaki su biyu za su amsa ko su biyu su yi shiru.

Ni dai in aka tambaye ni, ga yadda nake gani. Ta fuskar falalar mai suna, Nana Maryam tana gaba, nassi ne ya faɗa, ba a ja. Amma falalar takwara ba gado ba ce da ake rabawa, kuma babu zunubi ko ragin lada a kan wanda ya zaɓi ɗayar. A dangin da Maryam ta riga ta kai uku ko huɗu, har an koma rarrabe su da Babba da Ƙarama da ta gidan wane, Mariya ta fi yi mini. Ko ba komai, duk wanda ya tambayi dalilin sunan zai tafi da labarin uwar Ibrahim.

Alƙalamin mai rajista

Inda talaka ya fi shan wahala a wannan batu ba wajen malamai ba ne, wajen takarda ne.

Da can suna a baki yake. Liman ya faɗa, unguwa ta ji, shi ke nan. Yanzu yarinya za ta bi ta takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda dokar 1992 ta ce a yi rajistarta cikin kwana 60, sannan rajistar firamare, sannan lambar NIN, wadda tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita, sannan BVN a banki, sannan fasfo in Allah Ya kira ta Makka. A kowane mataki akwai wani mutum zaune da biro ko kwamfuta, yana rubuta abin da kunnensa ya ji a cikin hayaniyar layi.

Maryam kaɗai tana da rubutu wajen biyar: Maryam, Mariam, Mariyam, Maryama, Mariama. Mariya na da Mariya, Maria, Marya, Mariyatu. Dubi Mariyam da Mariya: harafi ɗaya ne tsakaninsu. Mai rajistar da bai saba jin Mariya ba zai ɗauka uban ne ya haɗiye harafin ƙarshe, ya ƙara masa da kyakkyawar niyya. Wanda ya fito daga kudu kuma zai rubuta Maria, yadda ya san shi a garinsu. Kwamfuta ba ta san Muƙauƙis ba, ba ta san Imrana ba. Harafi take gwadawa da harafi, in ba su yi daidai ba ta ce mutum biyu ne.

Abin ba ya tashi sai bayan shekara goma sha bakwai ko sha takwas, ranar da aka zo neman gurbin jami'a ko buɗe asusu. Daga nan sai rantsuwa a kotu, sai buga sanarwar gyaran suna a jarida, sai biyan kuɗin gyara, sai jira, wani lokaci har wa'adin rajista ya wuce. Iyalan da ke da dangi a tsallaken iyaka, Katsina da Maraɗi ko Daura da Damagaram, nasu ya fi yawa, domin yarinya ɗaya za ta iya zama Maryam a takardar wannan gefe, Mariama a ta wancan.

Maganin bai kai kuɗin goro ba. Tun ran gini ran zane: uba ya rubuta sunan da hannunsa, da manyan haruffa, da boko da Larabci, ya miƙa wa liman takardar maimakon raɗa kaɗai, ya aika da irinta cikin gida. Ita zai kai wajen rajistar haihuwa, ya karanta abin da aka rubuta kafin ya bar wurin. Duk wata rajista ta gaba, takardar haihuwar za a miƙa a kwafa, ba baki ba.

Ƙanena ya yi hakan, amma sai bayan abin da ya faru ranar suna. Yarinyar yanzu tana aji uku a firamare. A zangon farko malamarsu ta rubuta mata Maryam a bangon littafi, ta dawo gida ta sa biro ta soke harafin ƙarshe, ta matsa "i" a tsakiya, har takardar ta huje. Goggo kuwa ta kawo turmin atamfarta kamar yadda ta yi alkawari, kuma har gobe in yarinyar ta shiga gaishe ta, "takwara" take ce mata. An yi bayanin Muƙauƙis, an yi na ta kuri, ta saurara tsaf, ta ce ita dai guɗar da ta yi ba ta maiduwa.